Lalitar Inna a Hanyar Diffa

Mun bar garin Maine a baya, rana ta karkata tana dukan gilashin mota, lokacin da tsohuwar da ke kusa da ni ta daina yi mini magana.

Tun daga tashar Damagaram muke kujera ɗaya. Ya Fanna sunanta, Babarbariya ce 'yar Diffa, ta je ganin likitan ido tana komawa gida. Ta ba ni dabino, ta tambaye ni garinmu. Da na ce Haɗejiya sai ta riƙe haɓa. "Au, ashe ku ne? Ku kame kifin, ku turo mana ambaliyar kowace shekara." Muka yi ta dariya. Can barci ya ɗauke ta, ta jingino da ni. Motar ta faɗa wani rami, hannunta ya sauka a ƙuguna. Na ji yatsunta sun tsaya cak. Suka bi abin da ke ƙarƙashin hijabina a hankali, aljihu bayan aljihu, sannan ta janye hannun kamar ta taɓa murfin tukunya. Ba ta dube ni ba. Ta tattara ledar maganinta, ta roƙi wani mutum a can baya su yi musayar wuri, wai gwiwarta ke ciwo. Na waiwaya na miƙa mata ragowar dabinon, ta yi kamar idon ne bai gani ba. Leɓunanta kawai ke motsi.

Wallahi ban gane ba. Na ɗauka ko na faɗi wata magana ce da ba ta yi mata daɗi ba.

Bari in faɗi abin da ke ƙuguna, ko da yake duk wanda na ba labarin nan tun a nan yake dafe kai.

Sunana Saudatu. Da na gama sakandare ban samu shiga makarantar gaba ba, sai na riƙa zama a bayan shagon yayana Nasiru, mai gyaran waya a bakin kasuwa. Ni ke ware masa ƙananan kaya, har na iya liƙa waya da dalma. Shekarar da ruwa ya karya jinga ya cinye mana shinkafa, ya kayar da katangar ɗakin Inna, Yaya ya ɗauko wani aiki da ba wanda ya sa shi. Yana haɗa 'yan allunan lantarki masu faɗin tafin hannu, ya sa a bututun roba, ya ɗaure a jikin turke a bakin kogi. A jikin turken akwai ƙusoshi uku, wata sama da wata, kowace da wayarta. In ruwa ya taɓa ƙusa, allon ya aika saƙo zuwa wayoyin manoma. Iyakar aikinsa ke nan. Akwai ɗaya wajen Kirikasamma, akwai wasu a hanyar Baturiya, kuma sun taɓa sa mutane sun kwashe buhunansu kafin ruwa ya shigo.

Allon da aka sayo sabo bai san komai ba, sai an rubuta masa abin da zai yi. Abin rubutun ɗan mitsitsi ne, bai fi babban yatsa ba, kuma a duk shagon babu abin da ya kai shi araha. Furogirama sunansa, amma Yaya alƙalami yake ce masa, ni ma na bi. Kansa ɗaya a soka a kwamfuta, ɗayan yana da faffaɗar waya mai ramuka shida da ake zaunarwa a kan 'yan ƙarafa shida na jikin allo. Ba sai an ciro komai daga allon ba. A rubuta, in bai yi ba a goge a sake.

Gwaggona Talatu tana aure a Diffa. Mijinta, Kawu Bukar, tattasai yake nomawa a bakin Komadugu, wanda koginmu ne dai ya canja suna a hanya. Ruwan da ya wuce ta ƙarƙashin gadarmu, bayan 'yan makonni yana bakin gonarsa. Ya ga turken Yaya da ya zo mana ziyara, ya ce lallai a kawo musu kafin ruwan bana. Yaya ne zai je. Sai babur ya kayar da shi, aka yi masa ɗori a cinya, ga damina ta yi nisa. Ya ce da Inna, "Saudatu ta fi ni hannu a rubutun nan. Can za ta sa lambobin mutanen da kanta, shi ya sa ban rubuta komai a allunan ba."

A kwali ya ba ni kayan. Inna ce ta ƙi kwalin. An taɓa sace wa Yaya irinsa a bayan mota ranar kasuwar Kafin Hausa, kuma ita duk rayuwarta ba ta yarda abu mai daraja ya yi tafiya nesa da fatar mai shi ba. Ta ɗauko ragowar atamfa, ta hau keke ta ɗinka mini lalita irin wadda take ɗaurawa in za ta kasuwar nesa, sai dai wannan ta fi faɗi. Kowane allo da aljihunsa, alƙalami ma da nasa. Batura masu kama da yatsu ta jera su a siraran aljihuna gwanin sha'awa. Wayoyin ta naɗe, ja da baƙi. Ta ɗaura mini a ƙugu da hannunta, ta yi ƙulli kan ƙulli, ta sauke hijabi a kai, ta ja baya ta duba.

"To," ta ce, "ɓarawon da zai ɗauki wannan sai ya haɗa da ke. Kar ki kwance sai a ɗakin gwaggonki."

Yaya yana kwance a ɗakinsa, bai gani ba. A garinmu ba mai lalube ƙugun mace. Ko sau ɗaya bai zo mana a rai ba, ni da ita, abin da wannan lalita za ta yi kama da shi a idon mutanen da suka sha wata irin wahalar da mu a rediyo kawai muke jin ta.

A Maigatari, bakin iyaka, aka fara cutata. Maƙwabcinmu Alhaji Sale, mai fataucin awaki, shi ya rako ni har Damagaram. Yana can wajen 'yan canji wani mai baƙin tabarau ya tare ni da layukan waya a tafin hannu. Ya ce na Nijar ne, an riga an yi musu rajista, in na tsallaka sai na gaji da zaman ofis kafin in samu. Ya kira ni ƙanwarsa, ya rantse da abin da zai kashe shi. Na saya, na cusa a lalita.

A Damagaram na kwana gidan wata 'yar'uwar Alhaji. Mutanen kirki, suka cika ni da tuwon gero, suna ta dariyar yadda nake furta wasu kalmomi, ni ma ina dariyar tasu. Abin da ya dame ni shirun unguwar. A gida da damina kwaɗi ba sa barin kunne ya huta, a nan ko ɗaya ban ji ba. Ban taɓa zaton zan yi kewar kwaɗo ba. Da safe Alhaji ya damƙa ni a hannun direba, ya ce Kawu Bukar zai tare ni a tasha.

Shingayen da muka wuce a baya katin shaida kawai suke dubawa. Na kusa da Diffa daban ne, kuma ba zan faɗi wanne ba. Dokar wurin, mota ta tsaya daga nesa, kowa ya sauka ya taka da ƙafa, maza gefe, mata gefe. Ina saukowa na ga Ya Fanna ta riga kowa. Tsohuwar da ta ce gwiwa na ciwo tana sauri kamar budurwa. Ta isa wajen wani jandarma, ta yi magana, ta nuna baya da haɓa.

Sai wuri ya kaure da ihu. Mata suka watse, wata ta yar da ƙullin kayanta, wata ta faɗi ta tashi. Direba ya bar ƙofa a buɗe ya yi daji. Ni ma na ɗaga ƙafa zan gudu, na waiwaya in ga abin da ake gudu dominsa. Babu kowa a bayana. Ni kaɗai ce a tsakiyar titi, bakunan bindigogi duk sun juyo.

Wata muryar mace ta taso daga bayan buhunan yashi, da Hausarsu ta can. "Ke yarinya! Hannu sama. Kar ki taɓa jikinki. Mi ke gare ki a ƙugu?"

"Allo ne," na ce. Ba su ji ba. Na sake. "Na ruwa ne! Na auna ruwa ne!"

"Cire hijabin da hannu guda. Sannu sannu."

Na cire, a gaban maza, a tsakiyar hanya. Iska ta bugi wuyana. Lalitar Inna ta bayyana da furanninta ruwan ɗorawa, batura a jere, wata jar waya ta leƙo ta bakin aljihu. Sai a wannan lokacin na dube ta da idonsu. Na durƙushe a kan kwalta mai zafi.

"Kwance ta ki ajiye, ki ja baya."

Na kai hannu. Ƙullin Inna ne, ya sha gumi tun daga Haɗejiya. Na ja, ya ƙara shiga. Wani namiji yana ta ihu da Faransanci, na ji ƙarar bindiga da ake gyarawa. Na fashe da kuka ina cewa, "Ɗaurin Inna ne, ba ya kwantuwa, ɗaurin Inna ne." Ban san sau nawa na faɗa ba.

Sai na ga takalma a gabana. Jandarmar mai maganar ce ta fito, gajeruwa, baƙa, da wuƙa a hannu. Ana ta kiranta daga baya, ba ta juya ba. Ta tsuguna, na ga jijiyar wuyanta na bugawa. "Dube ni, kar ki dubi hannuna," ta ce. "In ƙarya kika yi mini, tare za mu tafi." Ta yanke ɗaurin, ta ajiye lalitar a ƙasa kamar mai kwantar da jariri, ta fizge ni muka yi ta gudu. Ramatu sunanta. Daga baya na sani.

Suka sa ni a wani ɗaki mai taga ɗaya. Kafin magariba aka kai ni gaban shugaban wurin. Kowa Kwamanda yake ce masa, dogo ne mai furfura, idonsa ja kamar wanda ya daɗe bai yi barci ba. An baje kayana a tebur, har da tsohuwar kwamfutar Yaya da ke jakata. Lalitar an farke ta aljihu aljihu.

"Ba mu samu abin fashewa ba," ya ce. Na buɗe baki zan yi hamdala, ya ɗaga hannu. "Ban gama ba. Masu wannan aiki ba sa ɗauko komai a mota guda. Wani ya kawo hodar, wata ta kawo abin da ke tashin ta daga nesa. Allo, batir, layin waya. Ga su nan kin jera mini." Ya ɗaga layin Maigatari da yatsu biyu, ya karanto wani suna. "Wane ne?"

"Ban san shi ba, ranka ya daɗe."

"Layinsa na ƙugunki, ba ki san shi ba."

Na ba da labarin mai tabarau, na ba da na jinga da shinkafa, na ba da lambar Kawu Bukar. Ya ce an riga an kira shi, yana can bayan shinge tun ɗazu yana rantsuwa. "Duk wanda aka kawo nan yana da kawu." Bai yi mini tsawa ba ko sau ɗaya, shi ya fi ba ni tsoro. Ya ce gobe da yamma mota za ta zo ta kai ni Yamai, can akwai masu binciken irin wannan.

Da Ramatu ta mayar da ni ɗaki na tambaye ta, in an je can yaushe ake dawowa. Ta gyara hularta. "Ana bincike tsakani da Allah. Sai dai ba ya sauri." Ta ba ni hijabina, ta kawo buta da wani kwali in shimfiɗa. Na yi salla, wani yana tsaye a ƙofa da bindiga, duk sujadar da na yi ina jin idonsa a bayana. Ban san abin da na karanta ba. Daren kuwa ba na son ba da labarinsa. Har yanzu da nake rubuta wannan a bayan shagon Yaya, in zani ya matse mini ƙugu sai numfashina ya sarƙe, in kwance in sake ɗaurawa.

Da hantsi Ramatu ta leƙo. "Kin yi baƙuwa." Ya Fanna ce, da kwanon fura a hannu. Sai da aka bincike ta kafin a bar ta ta shigo. Ta ajiye kwanon, ta zauna nesa da ni, a bakin ƙofa.

"Ni na kai ki," ta ce.

"Na sani, Iya."

"Ɗiyata ta tafi kasuwa sayen gishiri, ba ta dawo ba. Wadda ta tashi bam a kasuwar ba ta kai ki shekaru ba. An ce har gaishe da mutane ta yi. Na taɓa ƙugunki na ji waya. Na yi shiru a mota don kar ki gane ki tashe shi muna ciki. Da za a dawo da jiya, haka zan sake yi." Ta goge idon da aka yi wa aiki da bakin mayafi. "Amma na je gida abinci ya ƙi wucewa. Na ce yarinyar nan fa ta yi dariya da na tsokane ta a kan kifi. Sha furar, ta yau ce."

Na sha. Ko ni ce ita ban ga abin da zan yi daban ba.

Akwai wani jandarma mai kula da rediyoyinsu, Isufu, siriri mai yawan tambaya. Shi aka ba allunan ya duba. Ya sa wa ɗaya batir, ya tsoma wayoyin a kofin ruwa, bai ga komai ba. Wannan ya ƙara ɓata lamarina. Ni da na ce musu abin auna ruwa ne, ga ruwa, ga shi ya yi gum. Ya zo bakin tagata da alƙalamin a hannu.

"Wannan fa? Na ga irinsa a waya, ban taɓa riƙewa ba."

Na ce da shi ake rubutu, allunan babu komai a cikinsu tukuna, sai a Diffa zan rubuta. Ya juya shi, ya sake juyawa. "Ke nan in an ba ki kwamfutar za ki rubuta ina kallo, in karanta abin da kika sa?" Na ce eh. Ya tafi. Ban san me ya faɗa wa Kwamanda ba, na dai jiyo su suna ta musu da Faransanci.

Bayan azahar aka fitar da ni can gindin wata aduwa, nesa da ɗakuna. An ajiye benci da bokiti da guntun katako da Isufu ya buga wa ƙusoshi uku yadda na kwatanta. Kowa ya tsaya nesa, sai shi da Ramatu. Motar Yamai ta riga ta iso, mai tanti a baya, direbanta ya fito yana wanke fuska. Na buɗe kwamfutar na ga cajinta ya kusa ƙarewa.

Na soka alƙalamin, jar fitilarsa ta kama. Na zaunar da faffaɗar wayar a kan ƙarafan nan shida, gefen mai jan zare wajen farin ɗigo, yadda Yaya ya sa na haddace. Isufu ya sunkuyo yana bin rubutun da yatsa yana tambaya, wannan fa, wannan fa. Na nuna masa inda ƙusoshi suke, da inda saƙon yake, da inda ake sa lamba. Kwamanda ya faɗo tasa lambar daga nesa, na shigar. Layin Maigatari kuwa ya ce ba mai taɓa shi, shaida ne. Allo kuma ba ya aika saƙo ba layi. Ramatu ta zaro wayarta, ta ɓalle bayan, ta ciro nata.

"Uwata na kirana da la'asar," ta ce, ba ta ko murmusa ba. "Ki yi sauri."

Na danna. Jan rubutu ya fito a ƙasa, wai bai ga allo ba.

Na cire wayar, na busa, na mayar. Jan rubutu. Na canja allo. Jan rubutu. Gumi ya riƙa bin bayana. Isufu ya daina tambaya. Can nesa wani ya yi wata magana, wasu suka yi 'yar dariya mara daɗi. Na tuna Inna a kan keke tana lanƙwasa bakin aljihu don kar zare ya karce allo, sai hawaye suka rufe mini fuskar kwamfutar.

"Ke," Ramatu ta ce a hankali. "Jiya kin tsaya gaban bindigogi. Wannan ɗan abin ne zai kayar da ke? Share ido ki duba."

Na share. Na ɗaga alƙalamin kusa da ido, sai na ga 'yan ƙarafa biyu tsirara a gefensa. Akwai wata 'yar baƙar hula, ba ta kai ƙwayar wake ba, da ke haɗa su. Aikinta ta sa alƙalamin ya yi magana a hankali, domin sabon allo ba ya jin sauri, in an yi masa da gaggawa sai ya yi shiru kamar ba ya nan. Ta faɗi, ko a kwalta ko wajen farke aljihu. Wa zai nemo ta a wannan yashi? Na faɗa wa Isufu.

"Haɗa su kawai ake so?" ya ce. Ya ciro guntun waya daga aljihu, ya ɓare bawon da haƙori, ya zaro silin tagulla ɗaya ya ba ni. Hannuna ya ƙi tsayawa, silin ya yi ta zamewa. Ramatu ta kama wuyan hannuna ta riƙe gam, kamar mai ƙunshi ta riƙe hannun amarya. Na naɗa.

Na yi bisimilla na danna. Koriyar fitila ta fara ƙyaftawa, ƙyaf, ƙyaf, ƙyaf. Ban yi numfashi ba har ta tsaya. Farin rubutu ya fito. Ya shiga.

Muka sa batir, muka haɗa wayoyin da ƙusoshi, muka tsayar da katakon a bokiti. Isufu ya ɗauki buta ya fara zubawa. Ruwa ya hau ƙusa ta farko. Shiru. Ya rufe ta. Shiru. Direban motar Yamai ya tada inji. Na san allon sai ya nemo sabis tukuna, a gida ma yakan ɗan jima.

Sai aljihun Kwamanda ya yi ƙara.

Ya ciro wayar, ya nesanta ta da idonsa irin na masu shekaru, ya karanta a fili, kalma kalma: "Ruwa ya taɓa alama ta farko. A sa ido." Isufu bai jira umarni ba, ya ci gaba da zubawa. Ƙara ta biyu. Sannan ta uku: "Ruwa ya kai alama ta uku. A kwashe yara da dabbobi, a hau tudu." Kalmomin Yaya ne, sai na ji kamar yana tsaye a wurin da sandarsa.

Ya Fanna, da aka tsayar can wajen shinge tare da Kawu Bukar, ta ɗaga murya. "Mi ya ce? A hau tudu? Bara da an samu mai faɗa mana haka, da awakina na nan!"

Kwamanda ya tako har gindin aduwar. Ya ɗauki alƙalamin da silin tagullarsa, ya auna shi a tafin hannu. "Tambaya guda. Da wannan, ana iya rubuta wa allon wani abu daban? Abin da ba na ruwa ba?"

Na ga Isufu ya sunkuyar da kai. Na san amsar da za ta fi daɗin ji. Amma Kwamanda da idonsa ya ga yadda aka yi rubutun.

"Ana iyawa, ranka ya daɗe. Duk abin da mutum ya rubuta masa shi zai bi. Ni dai wannan aka koya mini, shi kuma na zo yi."

Ya ajiye alƙalamin a kan benci. Ya juya, ya shiga ofis da wayarsa, ya rufe ƙofa.

Injin motar yana ta ruri. Kwamfutar ta mutu a cinyata. Ramatu ta ciro layinta ta mayar, uwarta ta kira, ta ja gefe tana amsawa da Zabarmanci. Inuwar aduwa ta matsa ta bar ni a rana, ban motsa ba. Na ce a raina shi ke nan, na kai kaina Yamai da bakina. Na fara tunanin wanda zai faɗa wa Inna, da yadda za ta riƙa duban keken nan nata.

An fara kiran la'asar a wani ƙauye can nesa lokacin da ƙofar ta buɗe. Bai zo wajena ba. Wajen direban ya nufa, ya yi masa magana, ya bugi jikin motar da tafin hannu. Motar ta juya, ta hau kwalta, ta tafi tantinta na kaɗawa, ba kowa a ciki. Sannan ya zo.

"Saudatu." Shi ne karo na farko da ya kira sunana. "Ba inda za a kai ki. Na yi magana da na sama. Layin nan zai zauna wurinmu, mai tabarau muke so, ba ke ba. Isufu zai raka ki ya ga inda za a kafa allunan, kuma ki bar lambata a ciki, mu ma nan ruwa na cin mu." Ya miƙo mini lalitar, a farke, ɗaurin a yanke. "Ki gaida mahaifiyarki. Ki ce ɗinkin ya yi kyau. Ki ce kuma na roƙe ta don girman Allah, nan gaba kwali."

Isufu ya tuntsire da dariya. Tawa ta taso ta haɗu da kuka, ban san wadda ta fito ba. Na hango Kawu Bukar ya tsallako shinge yana share ido da hularsa, Ya Fanna a bayansa, yanzu kam da gaske take ɗingishi, tana faɗo mini lambar wayarta tun daga nesa don kar a manta da ita.

Ramatu ta ɗauki butar da aka cika bokiti da ita, ta girgiza, akwai saura. Ta ajiye a gabana, ta shimfiɗa kwalin jiya a inda inuwa ta koma.

"Tashi ki yi la'asar," ta ce. "Ki yi ta a natse. Ba kowa a bayanki."